A Gyara Yadda Ake Auna Kifi a Bakin Gulabenmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai ake kawo shi a shafukanku ba, wato yadda ake auna nauyin kifi bayan an fito da shi daga ruwa. Mai karatu zai iya ganin maganar ba ta kai a rubuto wasiƙa a kanta ba, amma duk wanda yake zuwa bakin gulbin Rima, ko Kwalkwalawa, ko tafkin Kware, ko madatsar ruwa ta Goronyo, ya san cewa a wurin awo ne ake yawan samun gardama tsakanin masunci da mai saye, a nan ne ake yawan jin ciwo a hannu, kuma a nan ne kifin da ake so ya rayu yake mutuwa. Abin da nake son faɗa shi ne, yawancin nauyin da ake ambatawa a bakin ruwa a ƙasar Sakkwato ba nauyin gaskiya ba ne, kuma gyaran abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

A da, iyayenmu Sarkawa ba su damu da sikeli ba. Ƙananan kifi a kasa su kashi-kashi, ko a sayar da su a kwando ko a daro, babba kuma a ɗaga shi a duba, a yi ciniki da ido. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne cewa tsohon masunci yakan kintaci nauyin tarwaɗa ya zo kusa. Sai dai kasuwar ta canza. Tun da kiwon tarwaɗa a kududdufi ya yaɗu, kuma kifin ƙanƙara ya cika kasuwanni, kilo ya zama harshen ciniki, har mai gidan abinci da mai gasa kifi da dare ba sa tambayar kashi nawa, sai dai kilo nawa. Ga kuma matasa da ma'aikata masu fita fatsa ranar hutu, waɗanda suke ɗaukar hoto da abin da suka kama su sa a Facebook da lambar da suka ga dama. Wannan na ƙarshe ba ya cutar da aljihun kowa, amma yana saba wa mutane da ƙarya, har ta kai idan wani ya faɗi nauyin gaskiya sai a raina kamunsa.

Mu da muke maƙwabtaka da Argungu bai kamata a koya mana muhimmancin awo ba. Bikin kamun kifin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, duk darajarsa tana rataye ne a ƙugiyar sikeli guda. Dubban mutane su faɗa gulbin Matan Fada da koma da gora, amma a ƙarshe allurar sikeli ce take raba gardama. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya kilo 75 ya yi, a 2020 kuma kilo 78. A 2008 an karɓe kyauta daga wanda aka bayyana a matsayin zakara, bayan an gano cewa kifin da ya gabatar ya riga ya mutu tun kafin gasar, abin da ya nuna cewa ko sikeli ya faɗi gaskiya, sai an san abin da aka ɗora masa. A waje kuma, ƙungiyar IGFA da ke Amurka, wadda take ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da ƙugiya tun 1939, ta rubuta giwan ruwa mai kilo 104.32 da aka kama a tafkin Nasser na Masar a shekarar 2000. Ba ta karɓar nauyi sai an auna a kan sikelin da aka tantance ingancinsa cikin wata goma sha biyu da suka wuce, kuma idan allura ta tsaya tsakanin zane biyu, na ƙasa ake ɗauka. Ba ina cewa mai fatsa a Wamakko ya bi dokar Amurkawa ba, amma dalilan da suka sa aka kafa waɗannan sharuɗɗa suna nan a bakin gulbinmu ma.

Matsala ta farko tana jikin sikelin kansa. Wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu shi ne mai sifirin, ko dai mai fuska kamar agogo da ƙugiya a ƙasa, ko kuma ɗan dogon nan da ake sawa a aljihu. Sifirin ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana gajiya. Idan aka saba ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko aka bar kaya rataye a jikinsa, ko ruwa da yashi suka shiga ya yi tsatsa, sai ya daina komawa inda yake. Wanda ya saki yakan ƙara nauyi, wanda tsatsa ta riƙe kuma yakan rage, ko ya nuna lamba dabam a kowane awo. Mai shi ba lallai ne ya sani ba, domin haka ba kowane sikeli mai ƙarya ne yake hannun macuci ba. Akwai kuma batun girman sikeli. Wanda aka yi domin ɗaukar kilo 100, zanensa yakan tafi ne rabin kilo rabin kilo, saboda haka idan aka ɗora masa karfasa guda biyu, allurar da ƙyar za ta motsa, abin da za a karanta kuwa kintace ne kawai. Haka nan wanda iyakarsa kilo 10 ba zai auna ragon ruwa babba ba, sai dai a lalata shi. Mai fatsa ya kamata ya zaɓi sikelin da irin kifin da ya saba kamawa yake faɗawa a tsakiyar zanensa.

Gwada sikeli abu ne mai sauƙi ƙwarai, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya, domin shi ne abin da kowa zai iya yi yau a gidansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, wadda ba a buɗe ba, za ta ba da kilo ɗaya da rabi da ɗan abin da robar ta ƙara, wanda bai taka kara ya karya ba. Jarka mai lita 20 idan aka auna ta babu komai, sannan aka zuba mata ruwa lita 20 da aka auna, bambancin ya zama kilo 20. Buhun siminti da ba a farke ba kilo 50 ne, ga wanda yake da babban sikeli. Ledar fiya wata mai guda ashirin takan zo kusa da kilo 10, amma ban ba da shawarar a dogara da ita ba, domin masu yin ta ba duka suke cikawa daidai ba. Abin lura shi ne kada a gwada da nauyi ɗaya tak a ce an gama. Sikeli yana iya faɗin gaskiya a kilo biyu ya yi ƙarya a kilo goma sha biyar, don haka a gwada shi da ƙarami, da matsakaici, da wanda ya kusa iyakarsa. Idan kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, ɗan makunnin da ke saman sikelin ko bayansa zai daidaita shi. Idan kuwa kuskuren yana ƙaruwa da ƙaruwar nauyi, sifirin ya mutu, sai a haƙura da shi.

Sikeli mai batir, wanda yake nuna lamba, ya fi sauƙin karantawa, kuma yanzu ya yi araha. Amma batir mai rauni yana sa lamba ta yi ta yawo, ruwa kuma yana kashe shi. Babban haɗarinsa maɓallin da ke sauya ma'auni ne daga kilo zuwa laba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, saboda haka kifin kilo biyar zai nuna 11 idan an bar sikelin a kan laba, kuma wanda bai iya karanta ƙananan haruffan da ke gefen lambar ba sai ya tafi da murna ko da asara, gwargwadon ko shi ne mai sayarwa ko mai saye. Ina kyautata zaton wasu daga cikin lambobin ban mamaki da matasa suke yaɗawa daga nan suke fitowa.

Sai batun abin da ake sa kifin a ciki. Na tsaya a wani gidan kiwon tarwaɗa a bayan gari ranar da masu saye suka zo kwasa. An rataya sikeli a reshen dalbejiya, yara biyu suna ɗebo kifi da raga suna juyewa a cikin wata babbar roba mai huji a ƙasa, ana ɗagawa, ruwa na zuba, kifin na ta birgima, allura na kai da komo tsakanin zane uku ko huɗu. Mai saye yana kiran lamba a lokacin da allurar ta sauka, mai gona yana kiran tasa lokacin da ta hau, wani yaro kuma yana rubutawa a bayan kwalin magani. Da aka zo cire nauyin robar, sai mai saye ya ce kilo uku ce, alhali babu wanda ya ga an auna ta. Lissafin ba shi da wuya: idan aka cire kilo ɗaya fiye da ƙima a kowane ɗauka, aka yi ɗauka arba'in, kilo arba'in sun tafi, kuma wannan yana iya zama duk ribar wata biyar ko shida na ciyarwa. Abin da ya dace shi ne a jiƙa robar ko buhun tukuna, a bar ruwan ya tsane, a rataya shi babu komai a gaban kowa, sannan a mayar da allura kan sifili, ko a rubuta nauyinsa a ajiye. Jiƙawar tana da muhimmanci, domin busasshen buhu yana shan ruwa daga jikin kifi, ya ƙara nauyin da ba a lissafa ba. Bayan an auna sau da yawa a sake duba sifilin, saboda yauƙi da laka suna taruwa.

Inda ake rataya sikeli ma yana da nasa tasiri. Hannun mutum yana rawa, musamman idan kayan sun wuce kilo biyar, kuma idan aka riƙe sikelin a jikinsa maimakon a zoben da ke samansa, sai ya karkace, abin da ke cikinsa ya goga, awo ya ɓaci. A nemi reshe mai ƙarfi, ko a haɗa kan sanduna uku a kafa, ko mutum biyu su saɓa sanda a kafaɗa su tsaya cik. Kada buhun ya taɓa ƙasa ko ƙafar kowa, a juya wa iska baya, a jira kifin ya natsu, mai karantawa kuma ya sa idonsa daidai da allura, domin wanda ya leƙo daga sama da wanda ya duba daga gefe ba lamba ɗaya za su gani ba. A cikin kwalekwale kuwa ba a awo. Ruwa yana ɗaga jirgi yana sauke shi, allura ba za ta tsaya ba, sannan mutumin da ya miƙe tsaye a cikin ƙaramin jirgi riƙe da kifi mai fizge-fizge ya sa kansa da abokan tafiyarsa cikin haɗarin kifewa.

Lokaci ma yana cin nauyi. Kifin da aka yar a kan yashi a zafin Sakkwato na watan Afrilu yana bushewa, yana zubar da yauƙi da jini, wani ma ya amayar da abin da ya ci. Wanda yake son nauyin gaskiya ya auna da wuri, kuma idan ana gardamar wane ya fi wane, to a auna su a kan sikeli ɗaya, a kusan lokaci ɗaya.

Yanzu ga lafiyar mai awo, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Kifayen ruwanmu ba su zo duniya hannu rabbana ba. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma yana iya kafe su ta yadda ba sa lanƙwasuwa. Idan ɗaya ta shiga tafin hannu, fitarta ta fi shigarta zafi, ciwon kuma yakan kumbura ya yi ruwa. Tarwaɗa da ragon ruwa su ma suna da ƙaya a gefen kai. Giwan ruwa yana da ƙayoyi a gadon baya, gefen marfin kumatunsa kuma yana yanka, don haka mai cusa yatsu a wurin domin ya ɗaga shi yana iya fitowa da jini. Tsage haƙora gare shi a fili, gaiwa tana cizo ko da ta daɗe a waje, minjirya kuwa tana da wutar da ke iya wuce bolt 300, kuma jiƙaƙƙen hannu bai kamata ya kusance ta ba. Ga ƙugiyar fatsa da ke bakin kifin, ga ta sikelin. Mafi yawan raunin da ake ji yana faruwa ne a daidai lokacin da mutum ya ɗaga kifi da hannu ɗaya yana neman inda zai soka ƙugiyar sikeli da ɗayan, kifin ya yi fizga guda. Maganin abin shi ne a cire ƙugiyar fatsa da filaya tun kifin yana ƙasa, a rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma domin ya lafa, a tura shi cikin buhu, buhun ne za a rataya ba kifin ba. Wanda ƙaya ta soka ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ba da ruwan gulbi ba, ya tabbatar babu guntun da ya karye a ciki, kuma ya je asibiti a duba shi a yi masa allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora idan ya daɗe bai yi ba. Toka da man birki da ake shafawa ba sa hana ciwo ruɓewa.

Na san wani zai ce, kifin da za a ci, me ya dame mu da yadda aka rataye shi? Idan yanzu za a yanka shi, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake addininmu ya hore mu da kyautata wa dabba har a lokacin yanka. Amma ba kowane kifi ake ci a take ba. Tarwaɗa mai rai ta fi matacciya kuɗi, kuma masu sayar da ita suna ajiye ta a ruwa kwana da kwanaki. Masu ƙyanƙyasa suna auna uwar kifi kafin su yi mata allurar da ke sa ta saki ƙwai, domin yawan maganin da nauyinta yake tafiya, kuma kuskure a nan yana ɓata ƙwai ko ya kashe uwar. Akwai kuma ƙanana da masu ƙwai da ya kamata a mayar ruwa idan muna son 'ya'yanmu su tarar da wani abu a Rima. Duk irin waɗannan, soka musu ƙugiya a kumatu yana yaga jan naman nan da suke numfashi da shi, wanda jijiyoyin jini suka cika, kuma kifin da ya zubar da jini ta nan da wuya ya kwana. Rataye babban kifi ta baki ko ta kai yana sa duk nauyin jikinsa ya koma kan muƙamuƙi da ƙashin baya, alhali a cikin ruwa bai taɓa ɗaukar nauyin kansa ba. Yauƙin da ke jikinsa shi ne yake kare shi daga ƙwayoyin cuta, busasshen hannu da yashi mai zafi suna kankare shi. Saboda haka a shirya komai kafin a fito da shi daga ruwa, sikeli a rataye, buhu a jiƙe, sifili a daidaita, ta yadda awon ba zai kai minti ɗaya ba. Idan za a sake shi, a riƙe shi a cikin ruwa kansa yana fuskantar inda ruwan yake fitowa har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.

Wanda ba shi da sikeli, tef ɗin tela yana iya ba shi ƙiyasi. A auna tsawon kifin da santimita, a auna kewayen cikinsa a inda ya fi kauri, a ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, sannan a raba da 29,000. Kifi mai tsawon santimita 100 da kewaye 70 zai ba da kusan kilo 17. Lissafin ya fi dacewa da mai cikar jiki irin giwan ruwa, ga dogaye sirara kuwa yana kaucewa, kuma bai kamata a yi ciniki da shi ba.

Ya Edita, a garin Shehu ba sai an tunatar da kowa abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa game da masu tauye mudu da sikeli ba, malamanmu suna faɗa a kowane wa'azin kasuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa mutumin da yake amfani da sikelin da bai taɓa gwadawa ba yana iya tauye haƙƙin wani kullum ba tare da ya yi niyya ba. A hukumance, akwai sashen kula da ma'aunai a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, wanda aikinsa ne duba sikeli da famfunan gidajen mai, amma ba na tsammanin jami'ansa za su iya bin kowace mashaya daga Goronyo zuwa Silame. Waɗanda za su iya su ne sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta, domin su ne kullum suke wurin, kuma su ake jin maganarsu.

Roƙona gare su shi ne kowace mashaya da ake sauke kifi ta sami wuri guda na awo a tudu, da sanduna kafaffu, da sikeli biyu, babba da ƙarami, mallakar ƙungiya ba na mai saye ko mai sayarwa ba. A ajiye duwatsun awo na ƙarfe, na kilo ɗaya da biyar da goma, a hannun Sarkin Ruwa, a gwada sikelin da su kowace ranar kasuwa a gaban jama'a, kuma duk wanda ya zo da nasa sikelin a ɗora masa su kafin ya fara saye. Ma'aikatar da ke kula da harkar kifi a jiha za ta iya sayen waɗannan duwatsu ta raba, ta kuma tura malamanta su nuna yadda ake amfani da buhun awo, zai fi kyau a yi haka kafin ruwa ya janye bayan damina, lokacin da kamu yake yawa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu kuma mai sha'awar fatsa,
Sakkwato.